Waiwaye: Yadda fuskar mai mulki ta hau azurfar Rumawa

Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙi da Hannibal, kwamandan birnin Kartaj na Arewacin Afirka, Rumawa suka fara buga tsabar azurfar da suka kira denarius, mai nauyin giram huɗu da rabi. A gabanta akwai kan mace sanye da kwalkwali, wato Roma, surar birnin kansa, da alamar X mai nuna darajarta ta kai kwabban tagulla 10. A bayanta kuwa wasu tagwaye ne daga cikin abin bautarsu, sun sako dawakai a sukwane, kowa da mashinsa. Ba a sa fuskar wani mai rai ba, domin tun da Rumawa suka kori sarkinsu na ƙarshe suka tsani duk abin da ke ƙamshin sarauta.

Samari uku 'yan manyan gidaje ake ɗora wa bugun kuɗi kowace shekara. Da tafiya ta yi nisa sai suka shiga zana kakanninsu da yaƙe-yaƙen da suka ci. Kirari ne suke yi wa gidajensu a kan abin da ke yawo hannun soja da ɗan kasuwa, amma dai matattu ake wa kirarin.

Julius Kaisar, kwamandan da ya riƙe mulkin Rum, shi ne ya keta wannan al'ada. A farkon shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) fuskarsa ta fito a kan azurfa yana da ransa, har da rubutun da ke cewa mulkinsa na din-din-din ne. Ranar 15 ga Maris aka daddaɓa masa wuƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin da Burutus, jigo cikin makasansa, ya sa aka buga a shekara ta 42: wuƙaƙe biyu, a tsakaninsu hular da ake sa wa bawa ranar 'yanta shi, da kwanan watan kisan. Ka juya ɗaya gefen, sai ka tarar da fuskar Burutus ɗin, shi ma yana raye.

Daga nan, da mulki ya sake komawa hannun sarakuna, kowane sarki da tasa fuskar, azurfar kuma tana raguwa. Sarki Nero ya rage ta a shekara ta 64 Miladiyya, kuma kafin 270 kuɗin da ya gaje ta kusan tagulla ne zalla.

Sunan dai bai mutu ba, shi ne ya zama dinari a bakin Larabawa. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hoto daga dinarinsa na zinariya, ya bar rubutu kaɗai.