Zura zare a allurar keke: tambayoyin masu koyon ɗinki a Tawa

Maigida, ta wane gefe zare yake shiga?

Ya danganta da keken. Baƙaƙen kekunan ƙafa irin Butterfly, waɗanda suka cika shagunan teloli a Tawa, da manyan kekunan lantarki irin Juki, daga hagu zuwa dama ake zura musu. Ƙananan kekunan gida na zamani kuwa, daga gaba zuwa baya. Amma ba sai ka haddace ba. Shafa allurar da farce, za ka ji wata doguwar tsaga da ta gangaro har bakin kafa. Ta gefen nan zare yake shiga, don a cikinta yake kwanciya idan allura ta huda yadi, kada yadin ya cinye shi.

Me ya sa kafarta take kusa da tsini, ba kamar ta hannu ba?

Don ita ba ta ratsa yadi ta fice. Kai zare ƙasa kawai take yi, ya ɗan lanƙwashe, bakin ƙoshiya ya cafke shi ya sarƙe da zaren kwarkwaro. A kan wannan dabarar Elias Howe ya samu takardar mallakar kekensa a Amurka a 1846. Shi ya sa in ka ɗaura allura a juye, ƙoshiya sai ta kai cafka ta rasa, ɗinki ya yi ta tsallake, zare ya yi ta tsinkewa. Yara da yawa nan take suke cewa keke ya lalace, a kira mai gyara, alhali kwance ƙusa ɗaya ne a juya allura, a tura ta sama har ta tokare, a ɗaure.

Zaren ya ƙi shiga, bakinsa duk ya tarwatse.

Daina gatsa shi da haƙori. Yanke shi a karkace da almakashi mai kaifi. In ido ya gaji, kamar daren jajiberin Sallah da ake ɗinki da tocila, sa farar takarda a bayan allurar, kafar za ta fito sarai. Kuma sauke ƙafarka daga feda tukuna.

Na zura daidai, amma zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi.

Laifin yawanci daga sama yake. Kafin ka fara bi da zare, ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, don faifan nan biyu masu matse zare su buɗe ya shige tsakaninsu. Juya kan keke, wato tayar da ake murzawa da hannu, ya nufo ka har maɗagin zare, ƙarfen nan da ke hawa da sauka da zare, ya kai ƙololuwa, kada ka tsallake shi. Ka bar jela kamar santimita 10 a baya. Lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙura da burbushin zare daga faifan.

Allura mai wace lamba zan saya?

Lamba 11 ta yadi mai laushi ce, 14 ta atamfa, 16 ta shadda mai tauri, 18 ta kaya masu kauri irin jins. Zare mai kauri ba zai gudana a kafar 11 ba, sai dai ya yi ta tsinkewa.