Alexander na Islay: tambayoyi kan Sarkin Tsibirai da ya ƙona Inverness

Wane ne Alexander na Islay?

Shugaban zuriyar MacDonald ne a yammacin Skotland, wanda ya gaji mahaifinsa Donald wajajen shekarar 1423. Sarautarsa ita ce Sarkin Tsibirai, domin ikonsa ya game tsibiran Hebrides da gaɓar yamma mai duwatsu, inda harshen Gaelic ne a bakin jama'a. Mahaifiyarsa Mariota ce ke da haƙƙin gadon ƙasar Ross da ke arewacin Skotland, kuma a kan wannan gado ubansa ya gwabza yaƙin Harlaw a 1411. Ke nan da sarauta da rigima duk tare ya gaje su.

Da me shugaba irinsa yake riƙe mutanensa?

Da zumunci, da kyauta, da jiragen ruwa. Kalmar clann a Gaelic ma'anarta 'ya'ya, ko da yake da yawa daga mabiyan ba jininsa ba ne, inuwarsa suka shiga. Talakawa kan biya haraji da shanu, hatsi, cuku da man shanu, shi kuma ya mayar da su liyafa da ciyar da mayaƙa. Shugaba marowaci ba ya daɗewa da jama'a.

Akwai kuma riƙon 'ya'ya. Babban gida kan ba wani gida ɗansa ya rena, sai yaron ya tashi da 'yan'uwan goyo waɗanda za su iya mutuwa a gabansa ranar yaƙi. A ganina wannan igiya ta fi kowace takardar yarjejeniya ƙarfi a wancan zamani.

Cibiyar mulkin tana Finlaggan, wani tafki a tsibirin Islay, inda majalisar manya ke zama a kan ɗan ƙaramin tsibiri don yanke shari'a. Fada na da likitocinta na gado, gidan Beaton, da mawaƙanta na gado, gidan MacMhuirich. Hanyar kuwa teku ce: jirgin birlinn mai filafilai da ƙyallen kama iska ɗaya shi ne dokin yaƙinsu.

Me ya haɗa shi da Sarki James na Ɗaya na Skotland?

James ya dawo gida a 1424 bayan shekara 18 a tsare a Ingila, da niyyar karya duk wani mai ƙarfi. A 1428 ya kira shugabannin arewa taro a garin Inverness. Suna isowa aka kama su, har da Alexander da mahaifiyarsa, aka kashe wasu. Ba a daɗe ba aka saki Alexander, amma kama baƙon da ka gayyata cin amana ne a idon mutanensa, kuma shugaban da ya haɗiye irin wannan ya zubar da girmansa. A 1429 ya dawo da runduna ya banka wa garin Inverness wuta.

To me ya kai shi durƙusawa?

Sarki ya bi shi har Lochaber a watan Yuni na wannan shekara. Da aka ga tutar sarki, sai mayaƙan zuriyar Chattan da na zuriyar Cameron suka janye daga bayan Alexander, rundunarsa ta watse. A watan Agusta ya bayyana a cocin Holyrood da ke Edinburgh, daga shi sai 'yar riga da wando, ya durƙusa ya miƙa takobinsa. An bar masa ransa, aka kulle shi a gidan dutse na Tantallon, mahaifiyarsa kuma a tsibirin Inchcolm. Wannan rana tana taɓa ni: mutumin da dubbai ke tashi da kiransa, ga shi yana roƙon rai a gaban fadawa.

Ya aka yi ya fito?

Dangi ne suka fito da shi. A 1431 ɗan baffansa Donald Balloch ya taso da jirage ya fatattaki rundunar sarki a Inverlochy, inda aka kashe mai sarautar Caithness. James ya gane cewa kulle mutum ɗaya bai kulle zuriyar ba, kafin shekarar ta ƙare ya sake shi. Bayan an kashe James a Perth a 1437, Alexander ya tabbata mai Ross, har aka naɗa shi babban alƙalin sarki a arewa. Ya rasu a Dingwall a 1449.

Ina gidan ya ƙare?

John, ɗan Alexander, ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Sarki Edward na Huɗu na Ingila a 1462, da nufin raba Skotland. Da asiri ya tonu aka ƙwace masa Ross a 1476. Angus Og, ɗan John, ya yi masa tawaye, uba da ɗa suka kara a teku kusa da tsibirin Mull, ɗan ya yi nasara, shi ma wani makaɗi ɗan Ireland ya yanka shi a Inverness a 1490. A 1493 Sarki James na Huɗu na Skotland ya karɓe sarautar Tsibirai baki ɗaya, John kuma ya mutu a Dundee a 1503 yana cin abincin sarki.