Lungorthin

Lungorthin sunan wani ifiritun wuta ne daga jinsin Balrog, a tatsuniyoyin da marubucin Ingila J. R. R. Tolkien (1892–1973) ya ƙirƙiro. Sau ɗaya tak sunan ya fito a duk rubuce-rubucensa da aka wallafa, a cikin doguwar waƙar nan mai suna The Lay of the Children of Húrin, inda aka kira shi da laƙabin shugaban Balrog. Babu shi a The Silmarillion na 1977, babu shi a The Children of Húrin na 2007. Wanda ke son ganinsa sai ya nemi The Lays of Beleriand, littafi na uku cikin jerin littattafai 12 na The History of Middle-earth, wanda ɗan marubucin, Christopher Tolkien, ya tace ya fitar a 1985.

Inda ya fito

Tolkien ya soma waƙar ne wajen 1918, ya yi mafi yawan aikinta lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Leeds, daga 1920 zuwa 1925. Bai gama ta ba. Rubutun farko ya haura layi 2,000 kafin ya ajiye shi, sannan ya koma farko ya sake ta a faɗaɗe, ya tsaya a layi 800 da ɗoriya. A wannan rubutu na biyu ne Lungorthin ya bayyana, cikin gabatarwar da ke ba da labarin kamun Húrin, wani jarumi daga jinsin mutane. A 1925 Tolkien ya koma Oxford, hankalinsa kuma ya tafi kan waƙar Beren da Lúthien.

Ga yadda abin ya kasance. An gama yaƙin da ake kira Yaƙin Hawaye Marasa Adadi, rundunar Elf (wani jinsi mai kama da mutane amma marar tsufa) da ta mutane sun sha kashi, amma Turgon, wani sarkin Elf, ya sulale da ragowar jama'arsa. Húrin na cikin waɗanda suka tsaya suka tare masa baya, aka kama shi da rai, aka kai shi a ɗaure gaban Morgoth, babban mugun tatsuniyar kuma ubangidan Balrog. Morgoth na son ya yi amfani da shi ya gano inda Turgon ya ɓuya. Húrin ya mayar masa da magana ba tsoro, sai Lungorthin ya kai masa duka a baki. Morgoth kuwa murmushi ya yi, ya ci gaba da nasa: barazanar wuta da bulala a hannu ɗaya, alkawarin muƙami da daraja a ɗaya hannun. Da duk suka ƙi ci, sai ya sa aka ɗaure Húrin kan kujerar dutse a ƙololuwar Thangorodrim, tsaunin da ke bisa sansaninsa, ya tsine wa matarsa da 'ya'yansa, ya bar shi yana kallon yadda tsinuwar ke cin su.

Aikin Lungorthin ke nan gaba ɗaya. Bai furta kalma ba, ba a siffanta jikinsa ko makaminsa ba, ba a faɗi ƙarshensa ba. Matsayinsa a wurin kamar na dogari ne a fada, wanda ke kwaɓe bakin da ya wuce gona da iri don kada sarki ya ɗaga hannu da kansa.

Shi ne Gothmog ko wani daban?

Nan ne gardamar take. Tun daga labarin faɗuwar birnin Gondolin, wanda Tolkien ya rubuta wajen 1916 zuwa 1917, mai riƙe da sarautar Balrog sunansa Gothmog. A wancan daftari an ce ɗan Melko ne, wato Morgoth a sunansa na farko, kuma Gothmog ya mutu a dandalin sarki a Gondolin lokacin da Ecthelion, wani jarumin Elf, ya soka masa tsinin hular ƙarfensa a ƙirji, suka faɗa cikin ruwan maɓuɓɓuga tare. Gothmog ya riga waƙar Húrin zuwa, ya kuma ci gaba da fitowa a rubuce-rubucen da suka biyo bayanta. To me ya kawo wani shugaban a tsakiya?

Amsa biyu ake bayarwa. Ta farko, cewa Tolkien ya gwada sauya wa Gothmog suna ne, daga baya ya fasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa, domin a cikin waƙar kanta sunayen mutane da na wurare suna canzawa daga kwafi zuwa kwafi. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa a The Silmarillion Gothmog ne ya ɗaure Húrin ya ja shi zuwa Angband, sansanin Morgoth, saboda haka ba mamaki shi ne ke tsaye a wurin. Ta biyu, wadda Christopher Tolkien ya fi karkata gare ta, cewa laƙabin na nufin ɗaya daga cikin manyan Balrog, ba babbansu duka ba. Hujjar wannan ta fi ƙarfi. A waƙar Beren da Lúthien, wadda ta biyo baya kai-tsaye, an nuna Morgoth zaune a kan karagarsa, kewaye da shugabannin Balrog masu gezar wuta, a jam'i. Idan shugabannin suna da yawa, babu abin da zai hana ɗaya daga cikinsu ya sami suna na kansa.

Akwai kuma batun tsarin waƙar. Ba ta da amsa-amo a ƙarshen layi. Irin ta tsohon Turanci ce, wadda ake raba kowane layi gida biyu, a ɗaure su da kalmomi masu nauyi da suka fara da sauti iri ɗaya. Sunan Lungorthin da kalmar Turancin da ke nufin shugaba duk da harafin L suka fara, don haka suna zama tare lafiya lau, abin da Gothmog ba zai yi ba. Wannan bai tabbatar da komai ba, amma mawaƙi ya san yadda ƙa'idar waƙa kan tilasta zaɓin kalma.

Balrog na wancan zamani

Ba a fahimtar Lungorthin sai an san irin Balrog ɗin da ke kan Tolkien a shekarun 1920. A lokacin suna da yawa, ɗaruruwa ne, kuma Melko ne ya samar da su. Suna da faratan ƙarfe da sulke da bulalar wuta, tsawonsu kamar ninki biyu na jarumin Elf. Ana kashe su a fagen fama: a Gondolin, jarumin mutane Tuor shi kaɗai ya kashe biyar da gatarinsa, Ecthelion ya kashe uku kafin ya haɗu da Gothmog. Har a daftarin 1937 an ce Balrog dubu ne suka fito a yaƙin da aka kama Húrin. Runduna irin wannan dole ta sami hafsoshi manya da ƙanana.

Bayan The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, lissafin ya canza. A wannan littafi, Balrog ɗin Moria, wani birnin ƙarƙashin ƙasa, shi kaɗai ya tarwatsa daula guda ta jinsin Dwarf, kuma matsafi Gandalf bai kayar da shi ba sai da ya rasa ransa. Tolkien ya mayar da Balrog ruhohin Maiar, waɗanda suka wanzu tun kafin duniya, Morgoth ya ja su zuwa gare shi. A wani ɗan rubutu da ya yi a gefen shafi a ƙarshen shekarun 1950 ya ce kada a ɗauka sun taɓa wuce uku, ko bakwai idan an yi yawa. Wannan rubutu ya fito a Morgoth's Ring a 1993. A cikin taron bakwai, shugaba ɗaya ya isa.

Shi ma dukan bakin bai tsira ba. A labarin zube na baya, Morgoth da kansa ya ɗauki doguwar takobi ya karya ta a gaban idon Húrin, ɓarɓashinta ya yanke shi a fuska, Húrin bai ko ƙifta ba.

Kurakuran da ake yawan yi

Babban kuskure shi ne cakuɗa daftarori, a ɗauko suna daga waƙar shekarun 1920 a dasa shi cikin tsarin ƙarshen shekarun 1950. Ta haka ne ake samun jerin sunayen "Balrog bakwai" da Lungorthin a matsayi na biyu bayan Gothmog, alhali Tolkien bai taɓa rubuta irin wannan jeri ba. Haka nan kiransa Maia ba daidai yake ba, domin lokacin da aka rubuta layin babu wannan jinsi a tatsuniyar. Launin wutarsa, sunan makaminsa, yaƙe-yaƙen da ya halarta da yadda ya mutu, duk abin da ake gani na irin wannan a shafukan masoya da wasanni ƙari ne na wasu. Wasu kuma kan ce shi ne Balrog ɗin Moria ko wanda jarumin Elf Glorfindel ya faɗa rami tare da shi a labarin Gondolin. Waɗannan biyun Tolkien bai ba su sunan yanka ba, na Moria laƙabi kawai yake da shi, wato Ajalin Durin.

Mai son tantancewa ya buɗe The Lays of Beleriand, ya wuce rubutun farko na waƙar, ya je farkon na biyu, sashen Húrin da Morgoth, sannan ya karanta sharhin Christopher Tolkien da ke biye da shi.