Ma'anar Saibadek: Ƙaramar Kwamfuta a Cikin Tsohon Kibod

Saibadek, wadda ake rubutawa cyberdeck da Turanci, kalma ce da ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar harhaɗa kayan lantarki, kuma tana nufin kwamfutar da mutum ya haɗa da hannunsa daidai da buƙatarsa, galibi ƙarama wadda za a iya ɗauka, mai ɗauke da kibod a jikinta. Kalmar ta samo tushe daga ƙagaggun labaran kimiyya, musamman littafin Neuromancer na William Gibson da ya fito a 1984, inda aka siffanta wata na'ura da ake shiga duniyar kwamfutoci da ita. A yau saibadek na zuwa da siffofi iri-iri, wasu a cikin akwati, wasu a cikin kwanson da aka ƙera musamman, amma wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce wadda ake buɗe tsohon kibod mai ƙarfi, a dasa cikakkiyar kwamfuta a cikinsa, ta yadda mai kallo daga waje ba zai ga komai ba sai kibod.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Yawancin kwamfutocin gida na farko haka suke: BBC Micro ta 1981, da Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982, da Amiga 500 ta 1987, duk ƙwaƙwalwarsu na ƙarƙashin madannai ne, mutum ya jona su da talabijin ko sikirin ya kama aiki. Daga baya ne aka saba da babban akwati a gefe guda, kibod kuma a gefe guda. Abin da ya sake buɗe ƙofar komawa tsohon tsarin shi ne kwamfuta mai allo ɗaya, wato wadda aka tara ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta da kafofin jona wayoyinta a kan ɗan faranti guda. Mafi shahara a cikinsu ita ce Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012 daga Kambirij ta Ingila, mai tsawon milimita 85 da faɗin 56. A 2015 aka fitar da Pi Zero mai milimita 65 da 30 kacal, sai Pi Zero 2 W a 2021, mai ƙwaƙwalwa huɗu da ma'adanar aiki megabait 512 da kuma Wi-Fi. Kamfanin da kansa ya fitar da Raspberry Pi 400 a 2020, kwamfuta ce sukutum a cikin kibod, sai dai mafi yawan masu wannan sha'awa ba sa kiranta saibadek, domin sharaɗin farko shi ne mai ita ne ya haɗa ta.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce dalilin da ya sa ake neman tsohon kibod alhali sababbi sun cika kasuwa. Amsar tana cikin yadda madannan ke aiki. Kibod na yau da kullum yana da shimfiɗar roba guda mai ƙananan tuddai a ƙarƙashin madannai, kuma da zarar robar ta gaji sai dannawa ta yi laɓo-laɓo. Kibod na makanika kuwa kowane madanni da nasa injin, mai sifirin na ƙarfe, wanda a wasu nau'o'insa ke sanar da yatsa daidai lokacin da harafi ya shiga. IBM Model M, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, shi ne abin misali a wannan fage. Idan aka danna madanninsa sifirin yana matsewa har ya lanƙwashe gefe guda, wannan lanƙwasawar ce ke tura ɗan guduma ya bugi ledar da ke ɗauke da layukan lantarki, kuma ita ce ke ba da ƙarar nan da aka san shi da ita. Yana da farantin ƙarfe a ciki, nauyinsa ya kai kimanin kilo 2, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera tun wancan zamani suna aiki har yau. Akwai kuma Apple Extended Keyboard II na 1990 mai madannan Alps, da kibod masu madannan Cherry MX na Jamus da aka fara ƙerawa a shekarun 1980. Ban da ƙarko, waɗannan kibod suna da wata fa'ida da masu ƙera su ba su yi niyya ba: kwansonsu na da kauri da faɗi, don haka akan sami gurbi a ciki, musamman ta baya, wanda zai ɗauki ɗan allo kamar Pi Zero.

A ganina, wannan shi ne ainihin abin da ya kamata a fahimta game da irin wannan saibadek. Mun saba ɗaukar kibod a matsayin ɗan rakiya da ake yarwa idan an sauya kwamfuta, amma a nan lissafin ya juya, kibod ne mai gida, kwamfutar kuma baƙuwa ce da za a sallama a kawo wata idan ta tsufa, domin allon lantarki kan zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru, alhali madanni mai kyau na iya hidima shekara 40.

Wahalar aikin tana wajen sa tsohon da sabuwar su fahimci juna. A cikin kowane kibod an jera madannai a kan layukan waya na tsaye da na kwance, kuma akwai ɗan cif da ke bin layukan yana dubawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ya gano mahaɗar da aka rufe, sannan ya aika lambar wannan madanni zuwa kwamfuta. Matsalar ita ce tsofaffin kibod suna aika saƙon ta hanyoyin da aka daina amfani da su, kamar kafar AT mai fil 5, da PS/2 mai fil 6 da IBM ya kawo a 1987, da ADB ta Apple, ita kuwa Raspberry Pi USB ta sani. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a bar tsohon cif a wurinsa, a sa adafta a tsakani mai juya saƙon zuwa na USB. Ta biyu ita ce a cire tsohon allon sarrafawa, a jona layukan madannan kai tsaye da sabon cif, kamar ATmega32U4 ko RP2040 da ke kan Raspberry Pi Pico, a ɗora masa manhaja irin QMK, wadda ke ba mutum damar sauya aikin kowane madanni yadda yake so. Wajibi ne a kula da bambancin ƙarfin wuta, domin PS/2 na aiki da bolt 5, su kuwa fil ɗin karɓar saƙo na jikin Raspberry Pi bolt 3.3 suke ɗauka, kuma jona su kai tsaye na iya ƙona allon.

Bayan wannan sai batun wuta da zafi. Raspberry Pi 4, wadda ta fi Pi Zero girma da ƙarfi, na buƙatar caja mai bolt 5 da amfiya 3, kuma tana ɗaukar zafi sosai, ga shi kwanson kibod ba a yi shi don iska ta riƙa ratsawa ba. Idan zafin ƙwaƙwalwar ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Wannan ne ya sa da yawa ke zaɓar Pi Zero 2 W duk da ƙarancin ƙarfinta. Wanda ke son batir kuma sai ya ƙara da'irar caji da wadda ke ɗaga bolt 3.7 na batirin litiyam zuwa 5, ya kuma tabbata babu abin da zai matse batirin ko ya huda shi. Farantin ƙarfen da ke ba Model M nauyinsa yana iya raunana siginar Wi-Fi idan an manna allon a jikinsa, haka nan yanke wuta ba tare da an kashe kwamfutar yadda ya dace ba na iya ɓata bayanan katin microSD, wato ɗan katin da kwamfutar ke adana manhaja da bayananta a kai, shi ya sa masu lura ke ƙara maɓallin kashewa na musamman.

Sikirin kuwa zaɓi ne. Wasu kan fito da kafar HDMI, wato kafar jona sikirin ko talabijin, ta baya kawai, wasu su ɗora ɗan siririn sikirin a saman madannai. Galibi babbar manhajar Linux ake sawa, kuma ana amfani da na'urar wajen rubutu ba tare da abin da zai ɗauke hankali ba, ko koyon shirya manhaja, ko kula da wasu kwamfutoci daga nesa, ko kunna wasannin kwamfutocin da.

Akwai saɓani na gaske a tsakanin masu wannan sha'awa da masu adana tsofaffin na'urori, waɗanda ke ganin duk kwanson da aka yanka an yi asarar abin da ba za a sake ƙera irinsa ba. Ina ganin suna da hujja, musamman game da nau'o'in da suka yi ƙaranci, kamar IBM Model F na farkon shekarun 1980. Amma ba dole ne aikin ya zama ɓarna ba. Ana iya zaɓar kibod ɗin da allon sarrafawarsa ya riga ya mutu, a fitar da wayoyi ta ramin da tsohuwar wayar ke bi maimakon a huda sabo, a ɗaure sabon allon a kan mariƙin da aka buga da firintar 3D maimakon a zuba gam, sannan a adana duk abin da aka cire. Wanda ya bi wannan hanya zai iya sauya kwamfutar da ke ciki duk lokacin da wadda ta fi ta ta fito, ko ya kwance noti ya mayar da kibod ɗin yadda ya baro masana'anta.