Kalmar chauffeur a Ingilishi

Chauffeur kalma ce ta Ingilishi da ake kiran direban da aka ɗauka aiki don ya riƙa tuƙa wani mutum ko iyalinsa a motar gida ko ta alfarma. Tana kuma zuwa a matsayin aikatau, da ma'anar kai mutum wurare a mota. A Ingila ana furta ta kusan "shofa", a Amurka kuwa sautin r na ƙarshe yana fitowa.

Asali

An aro ta ne daga Faransanci, inda tun farko take nufin mai hura wutar injin tururi, irin na jirgin ƙasa. Tushenta aikatau ne chauffer, wato ɗumamawa, wanda ya samo asali daga calefacere na Latin.

Wasu daga cikin motocin farko ba sa tashi sai da wuta. A motar tururi sai an kunna murhu an jira ruwan tukunya ya tafasa, abin da kan ɗauki minti 20 ko fiye. Injinan fetur na farko na Daimler, kamfanin motoci na Jamus, kuma suna da wani siririn bututu da ake gasawa da harshen wuta har ya yi ja, shi ne ke kunna man a cikin silinda. Da zarar iska ta kashe wutar, bututun ya huce, injin ya mutu. Wasu na danganta sunan da motar tururi, wasu da wannan bututun.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarshen shekarun 1890, tana nufin duk mai tuƙa mota. Wajen 1902 ta koma kan direban da ake biya albashi, wanda a lokacin shi ne makaniken motar, shi ke facin taya. Aikatau ɗin ya bayyana wajen 1917.

Amfani

Aikatau ɗin kan zo da wanda ake tuƙawa, galibi kuma around ko about na biye da shi: she chauffeurs the children around, wato tana kai yara wurare a mota. A irin wannan jimla ba maganar albashi ake ba, sau da yawa ƙorafi ne na mai yawan jigilar yara. Mota mai direbanta ita ce chauffeur-driven. Direban tasi ko na babbar mota driver ake ce masa a maganar yau da kullum, amma a Faransanci, har da na Nijar, duk chauffeur ne. Jihar Michigan ta Amurka tana da lasisin tuƙi mai wannan suna.

Siffar mace, chauffeuse, ba a cika jin ta ba.