Za a Iya Rage wa Alkama Takin Naitirojin Ba Tare da Amfanin Gona Ya Ragu Ba?

Me ya kawo maganar rage taki, alhali da shi duniya ke ƙoshi?

Babu mai musun haka. Fritz Haber ya gano hanyar samar da amoniya, tushen takin naitirojin, daga iska a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a Jamus a 1913, daga baya kuma gajeriyar alkamar da Norman Borlaug ya inganta a Meziko ta zo, mai shan taki ba ta kwanta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne alkama ba ta cinye abin da ake zuba mata. A gonaki da yawa, abin da ke shiga jikin shuka bai kai rabi ba.

Sauran fa, ina yake tafiya?

Ka watsa yuriya a saman ƙasa mai ɗan danshi da rana tsaka, ka bar ta a fili. Cikin 'yan kwanaki wani kaso ya zama amoniya ya bi iska, kuɗin manomi ke nan ya tashi sama. Wanda ya shiga ƙasa kuwa, ƙwayoyin bakteriya suna juya shi ya koma naitiret, shi kuma ba ya maƙale wa ƙasa. Ruwan sama ko ban ruwa mai yawa sai ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna, inda yake ciyar da gansakuka har kifi ya rasa iskar shaƙa. Akwai kuma iskar naitiros oksaid da ke tashi daga takin, wadda ƙarfinta wajen ɗumama yanayi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 270.

To me zai hana a daina zubawa gaba ɗaya?

Yunwa. A Rothamsted da ke Ingila akwai gonar gwaji mai suna Broadbalk, ana noma alkama a cikinta tun 1843. Ɓangaren da ba a taɓa sa wa taki ba yana ba da wajen tan ɗaya a hekta, waɗanda ake ciyarwa kuwa suna ninka haka sau da yawa. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani kwatsam a 2021, noman shinkafa da shayi ya faɗi, gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare.

Ta ina ragin zai fara?

Daga lokacin zubawa. Alkama 'yar mako biyu ba ta da cikin da za ta ɗauki buhu guda, yunwarta tana tashi ne sa'ad da take fitar da 'ya'ya daga gindi da kuma lokacin da kara ya fara miƙewa. Don haka a raba takin kashi biyu ko uku, a rufe shi da ƙasa ko a bi shi da ruwa daidai gwargwado. A kwarin Yaqui na Meziko manoma kan ware layi ɗaya su ƙosar da shi da taki, sannan su gwada koren ganyen sauran gonar da nasa ta hanyar na'ura. In babu bambanci, ba a ƙara ko ƙwaya. Ni wannan dabarar ta fi burge ni, domin gonar ce da kanta ke faɗin abin da take buƙata. Indiya kuma tun 2015 ta wajabta shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, don ta riƙa sakin naitirojin a hankali.

Shuka wake kafin alkama yana taimakawa?

Sosai. 'Yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da danginsa suna tara naitirojin daga iska. Sai dai in an kwashe harawar duka, kaɗan ke saura a ƙasa.

Akwai irin alkamar da ba ta son taki da yawa?

Ana kan aikin. A 2021 masu bincike na cibiyar binciken noma ta JIRCAS a Japan da cibiyar inganta masara da alkama ta CIMMYT a Meziko suka ba da rahoton alkamar da suka yi wa aure da wata ciyawar daji, Leymus racemosus. Saiwarta tana fitar da sinadaran da ke rage wa bakteriyar nan mai juya taki ya koma naitiret kuzari, sai takin ya daɗe a inda saiwa za ta same shi.

Rage taki ba zai taɓa ingancin gari ba?

Zai iya. Furotin ɗin da ke sa kwaɓin burodi ya tashi daga naitirojin yake samuwa, masu niƙa kuma suna auna shi kafin su saya. Shi ya sa mai noman alkamar burodi kan rage na farkon shuka, ya ajiye kaso na ƙarshe har zangarniya ta kusa fitowa.