Waiwaye: Gidan Chatsworth da zuriyar Cavendish

A gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, a bakin kogin Derwent, akwai wani katafaren gida mai suna Chatsworth wanda zuriya ɗaya ta riƙe fiye da shekara 470. A shekarar 1549 ne Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi filin kan fam 600. Mijin ya rasu a 1557 ginin bai kammala ba, Bess ce ta ƙarasa shi. Mace ce mai sanin takan dukiya, wadda ta yi aure huɗu, kowane kuma ya ƙara mata arziki. Mijinta na ƙarshe, mai riƙe da sarautar Earl na Shrewsbury, shi aka ɗora wa tsaron Sarauniya Mary ta Sikotland, dalilin da ya sa aka sha tsare sarauniyar a wannan gida.

Ginin da ake gani a yau ya samo asali ne daga wani William Cavendish daga zuriyarsu, Earl na huɗu na Devonshire, wanda ya soma rushe tsohon yana sake gina shi daga 1687. Yana cikin manyan da suka gayyato William na Orange, yariman ƙasar Holland, ya karɓi gadon sarautar Ingila a 1688, aka kuma saka masa da sarautar Duke na Devonshire a 1694. Duke na shida ya ɗauki Joseph Paxton shugaban masu kula da lambu a 1826, shi kuwa ya ƙera maɓuɓɓugar ruwa mai tsiri sama a 1844 domin tarbar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya, baƙon da bai zo ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a ƙarni na 20. Magajin gidan ya mutu a fagen daga a 1944, wata huɗu bayan aurensa da Kathleen Kennedy, ƙanwar John F. Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka daga baya. Duke na goma ya yi dabarar mayar da kadarorinsa hannun amintattu don kauce wa harajin gado, sai dai ajali ya riske shi a 1950, saura 'yan makonni wa'adin da doka ta gindaya ya cika. Hukuma ta nemi kashi 80 cikin 100 na dukiyar. Ɗansa Andrew ya sayar da dubban kadada, ya miƙa zane-zane da littattafai masu daraja, har da gidan Hardwick da Bess ta gina, don kawai Chatsworth ya tsira.

Abin da ya ceci gidan a zahiri shi ne kasuwanci. Matar Andrew, Deborah, ta buɗe kantin sayar da amfanin gona a 1977, kuɗin shigar masu yawon buɗe ido kuma ya zama abin dogaro. A 1981 aka ba wata gidauniya hayar gidan na shekara 99, kuma tun daga lokacin iyalan Cavendish ke biyan kuɗin haya kan ɗakunan da suke kwana a gidan kakanninsu.